Ranar Da Malam Shafi'i Ya Jera Mu Bisa Lamba

Duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da Malam Shafi'i Maikasuwa ya san shekara ashirin da takwas ya yi yana jera fayil a wani ofishin gwamnati a Kazaure, domin ba ya bari ka gama tambayarsa iyali bai gaya maka ba. A cewarsa ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Sunan Maikasuwa kuwa gadonsa ya yi daga kakansa. Shi kansa ko allura bai taɓa sayarwa ba.

Da ya yi ritaya ya dawo Gwiwa, sai muka ɗauke shi sakataren ƙungiyarmu, Tsaya Da Ƙafarka. Ƙungiyar sa-kai ce ta masu ƙananan sana'o'i daga ƙauyukan Gwiwa da Roni da Yankwashi har zuwa Babura. Ita ke nemo wa mata injin markaɗe da keken ɗinki, ta kawo masu koyarwa, ta haɗa mu da masu sari daga Kano. Ni Zaharadeen mai facin taya ne, kuma rumfata tana jikin katangar gidan Malam Shafi'i, saboda haka abin da ban gani da idona ba na ji shi ta saman katanga.

Bana ne Hajiya Halima Sa'adiyya, wadda ta kafa ƙungiyar, ta ce ciwon ƙafa ya matsa mata, za ta sauka daga shugabanci. Aka sa zaɓe ranar baje-kolin shekara, da zarar an sallami baƙi. Mutum ɗaya ne ya fito takara, Malam Shafi'i. Kujerar nan ya daɗe yana mafarkinta, har ya ɗinka mata babbar riga ruwan sararin samaniya. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya sa rigar, ya zauna, ya kama bakinsa har la'asar. To, wannan ne abin da Allah bai hore masa ba.

Shekara shida ana baje-kolin nan, kuma Inna Dela ce ke zaunar da mutane. Tsohuwa ce mai daddawa, ta yi shekara arba'in tana cin kasuwannin yankin. Da hantsi take zuwa fili, ta ɗebi ɗan ƙaiƙayi ta saki ta ga inda iska ta nufa, ta ɗaga kai ta dubi rana, sannan ta rinƙa nuni da sandarta: kai can, ke nan, ku bayan tsamiya. Ba ta taɓa bayani ba, ba a kuma taɓa tambayarta ba.

A taron kwamiti Malam Shafi'i ya miƙe, ya gyara tabarau, ya dubi Hajiya Halima.

"Ranki ya daɗe, shekara da shekaru ina kallon wannan hargitsi ina haɗiye magana. Mai lamba uku yana kudu, mai lamba huɗu yana can arewa kamar ba ƙungiya ɗaya ba. Bana ni zan tsara. Kowa zai zauna bisa lambar rajistarsa, biyu na bin ɗaya, uku na bin biyu. Haka ake yi a duk inda aka ci gaba."

Inna Dela ta tauna goronta a hankali. "Malam, in tambaye ka mana. Shi fayil ɗin yana wari?"

"Ba ya yi, Inna."

"Yana cin ɗan'uwansa?"

"Inna, wace irin tambaya ce wannan?"

"To, namu kayan suna yi."

Aka kwashe da dariya. Malam Shafi'i ya jira aka gama, ya ce da ma duk wanda ya zo da sabon tsari sai an yi masa dariya tukuna, daga baya a zo ana neman ɗaukar hoto da shi. Hajiya Halima ta ce tunda jibi shi ne shugaba, gara ya fara ɗanɗanawa tun yanzu.

Da yamma ina liƙe wata taya na jiyo matarsa Lailatu, wadda ita ma 'yar ƙungiya ce, tela ce.

"Malam, don Allah ka bar wa Inna Dela aikinta. Kujera taka ce, ba mai ja da kai. Me kake nema kuma?"

"Lailatu, mutumin da ya jera fayil dubu goma sha ɗaya ne mutum sittin za su gagara?"

"Su fayilolin ai ba su da ƙafa."

"Ke dai ki goge mini rigar."

Ana gobe taro ya fita filin bayan gari da tef da igiya da buhun toka. Ni na riƙe masa bakin igiyar, Allah ya yafe mini. Ya zana gida-gida a ƙasa, kowane taku uku tsawo taku uku faɗi, ya kafa kwali mai lamba a gaban kowanne. Mai sayar da allura taku uku, mai sayar da gado taku uku. Na ce masa anya, ya ce adalci ke nan. Tsamiya ɗaya ce a filin, a ƙarƙashinta ya sa aka kafa babbar rumfar haya ta manyan baƙi, inuwa a kan inuwa, da kujerarsa a tsakiya. Sannan ya aika wa kowa cewa bana ba baje kaya kawai za a yi ba, kowane mai sana'a zai yi sana'arsa a gaban baƙi su gani a aikace.

Ranar taro tun ƙarfe takwas yana fili da littafin rajista a hammata da usur a wuya. Inda ya samo usur ɗin har yau ban sani ba.

Lamba ɗaya Amna ce, mai humra da turaren wuta, wadda iyayenta suka zo daga Borno da sana'ar. Ta shimfiɗa farin zane, ta jera kwalabe, ta kunna kasko. Lamba biyu Inna Dela. Ta zo da kwando uku na sabuwar daddawa, ta ajiye su daidai kan layin toka, ta buɗe, ta zauna. Iska kuwa daga wajenta take busowa.

Amna ta toshe hanci da bakin mayafi. "Malam Sakatare, ka dubi Allah. Kaya na ɗaukar wari."

"Lamba ce ta ba ki, Amna. In kina da koke ki rubuta ki kawo ranar Litinin."

"Kafin Litinin ai na koma sayar da kayan miya."

Ya busa usur ya wuce.

Lamba bakwai Nafi'u ne mai kiwon awaki, ya zo da guda tara a bayan a-kori-kura. Lamba takwas Tasalla ce daga Roni, mai kwaɗon zogale, ta zo da ɗanyen ganye dami guda don a ga yadda take gyara shi, da ƙuli-ƙuli cike da daro. Awakin suka dubi damin, Tasalla ta dubi awakin.

"Malam," in ji Nafi'u, "ƙasar nan dutse ce, turke ya ƙi shiga. Bari in kai su can gefen fili inda muka saba."

"Can ai gidan lamba hamsin da biyar ne. Ɗaure su a ƙafar rumfar baƙi, ga ta nan bayanka, ƙarfe ne, ba inda za su."

Nafi'u ya buɗe baki zai yi magana, usur ya riga shi.

A lamba goma sha biyu Muhammadu Lawal maƙeri ya kafa uwar maƙera da zuga-zugi, ya tara gawayi. Da ya waiwaya ya ga wanda ke lamba goma sha uku sai ya ajiye guduma. Sheriff ne mai katifa da matashin kai, ya zazzage buhu biyu na audugar rimi yana bugunta da sanda. Kusa da shi, a lamba goma sha huɗu, Zulaikha mai nono ce zaune a tsakiyar rana, man shanunta ya fara zama ruwa tun kafin baƙi su iso.

"Malam Shafi'i," in ji maƙerin, "ni ba na son a ce na faye magana. Amma wuta ce sana'ata, shi kuma auduga ce tasa."

"Akwai layi a tsakaninku."

"Layin toka ne. Tartsatsi bai yi makaranta ba."

"Malam Lawal, ni na rubuta dokar ƙungiyar nan da hannuna. Ka hura wutarka."

Ƙarfe goma sha ɗaya babban baƙo ya iso, Alhaji Hussain wakilin Hakimi, cikin farar shadda wadda ko ƙuda zai ji nauyin sauka a kanta. Tare da shi akwai wata Hajiya daga Kano mai sarin turare, wadda Amna ta yi wata biyu tana jiran zuwanta. Malam Shafi'i ya tarbe su da jawabin shafi huɗu. Shafi uku a kan tsarin lamba ne, ɗaya a kan wanda ya ƙirƙiro shi. Ya ce daga yau za a rinƙa zuwa daga Dutse ana koyon yadda ake jera kasuwa. Sannan ya ce baƙi su biyo shi zagaye, daga ɗaya har sittin.

Hajiyar Kano ta ɗauki kwalba a gaban Amna, ta buɗe, ta shinshina, ta sake shinshinawa.

"Baiwar Allah, wannan humra ce ko miya?"

"Da safe dai humra ce, Hajiya."

Hajiyar ta mayar da kwalbar. Abin haushin shi ne ta juya ta tsuguna gaban Inna Dela ta ce a ƙulla mata daddawa. Amna ta bi Malam Shafi'i da wani kallo da na ji tausayinsa tun daga inda nake tsaye.

"Ranka ya daɗe, ka ga amfanin tsari," ya ce da wakilin Hakimi. "Mutum ya zo sayen abu ɗaya ya tafi da wani."

Ba su kai lamba biyar ba aka ji muryar Tasalla. Wani jan bunsuru ya ja igiya iya tsawonta ya tura kai cikin damin zogale, sauran suka ga hanya suka biyo. Tana korar wannan da faifai, wancan na cikin daron ƙuli-ƙuli.

"Nafi'u, ka kama dabbobinka."

"Suna cikin gidansu, Tasalla. Wuyansu ne kawai ya tsallaka layi."

"To bari in sare abin da ya shigo nawa gidan."

Malam Shafi'i ya ruga yana busa usur. Awakin ko a jikinsu. Ya buɗe littafin rajista ya nuna wa bunsurun, wallahi da idona na gani, ya ce, "Bakwai. Kai bakwai ne, nan takwas." Bunsurun ya ɗaga kai ya yagi rabin shafin ya haɗa da zogale.

Alhaji Hussain ya yi gyaran murya ya ce ko za a koma rumfa a zauna. Malam Shafi'i ya ce a'a, ranka ya daɗe, ai ba a ga komai ba tukuna, ga maƙera can. Ya ja shi har gaban Muhammadu Lawal, ya ce a buga lauje baƙo ya gani. Maƙerin ya dubi sama kamar mai neman shaida, ya zaro jan ƙarfe daga wuta, ya ɗora guduma sau ɗaya.

Audugar rimi ba ta jiran a roƙe ta. Kafin a ce kwabo tulin Sheriff ya kama, hayaƙi ya turnuƙe. Sheriff ya yar da sanda yana jan katifu baya, maƙerin ya fara watsa ƙasa da hannu biyu. Da an bar su da sun kashe ta su kaɗai.

"Kowa ya tsaya a lambarsa," in ji Malam Shafi'i. "Na yi kwas ɗin kashe gobara na kwana biyu."

Ya waiga neman ruwa, babu, don mai ruwa lamba arba'in da takwas ne, yana can ƙarshen fili. Sai ya sunkuci babbar ƙwaryar nonon Zulaikha, ya ja baya, ya watsa da dukkan ƙarfinsa. Bai lura ya taka inda man shanu ya narke ya malala ba. Ƙafarsa ta zame, ƙwarya ta juya, nonon ya bar wuta ya nufi wakilin Hakimi. Daga hula har takalmi bai bar masa wuri ba.

Kowa ya zuba masa ido. Alhaji Hussain ya sa yatsa ya share gira, ya ce a hankali, "Kindirmo ne."

Sai kuma awaki. Hayaƙi ya iso gare su, suka firgita, duk tara suka ja wuri ɗaya. Ƙafar rumfar da aka ce ba inda za ta, sai ga ta tana bin su a ƙasa tana ƙara. Rumfar ta yi tangaɗi, ta durƙusa, ta kwanta a kan kujeru da lasifika da kwalin lemon baƙi. Allah ya taimaka Hajiya Halima ta tashi alwala. Awakin suka ratsa ta lamba goma sha tara suka tafi da zanen da Lailatu ke ɗinkawa, suka bi ta kan tayoyina, suka yi gabas. Malam Shafi'i na zaune a cikin man shanu yana busa usur, ba mai jinsa.

Sai Inna Dela ta miƙe. Ta kakkaɓe zane, ta ɗebi audugar da ba ta ƙone ba ta saki, ta bi ta da ido. Ta ɗaga sanda.

"Lawal, kwashi wutarka ka koma can ƙarshe, inda iska ke fita. Sheriff, kai nan gaba, bayanka ga iska. Amna, zo ki zauna sama da kowa, ni zan koma kusa da maƙera, hayaƙi bai dame ni ba. Zulaikha, ƙarƙashin tsamiya. Ku samari ku janye wannan tanti, ku shimfiɗa wa baƙi tabarma. Nafi'u, in ka kamo su, bayan dutsen can, kada in ƙara ganin ƙaho a nan. Mai ruwa, tsakiya."

Ko rabin awa ba a yi ba fili ya zama kasuwa. Aka samo wa Alhaji Hussain riga a wajen wani tela, ta ɗan ɗage masa amma ya ce ba komai. Hajiyar Kano ta koma wajen Amna, ta buɗe kwalaben da ke cikin jaka waɗanda iska ba ta taɓa ba, ta ce a ɗaure mata duka. Har la'asar ana ciniki. Malam Shafi'i ya wanke hannu ya koma gefe, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tsarin ba shi da laifi, iska ce ba ta ba da haɗin kai ba.

Bayan an sallami baƙi Hajiya Halima ta tara mu zaɓe. Ta ce ɗan takara ɗaya ne, sai dai in akwai mai magana. Amna ta ɗaga hannu.

"Na tsayar da Inna Dela."

"An rufe karɓar suna," in ji Malam Shafi'i da sauri.

"Dokar ta ce har zuwa lokacin da za a shiga layi," in ji Hajiya Halima. "Kai ka rubuta ta, Malam."

Inna Dela ta ce ita ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba. Hajiya Halima ta ce ai shi ya sa ake da sakatare. Aka tsayar da su biyu a gaba, aka ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so.

Gaskiya zuciyata tana wajen Inna Dela. Amma katanga ɗaya ce tsakanina da mutumin nan, da ruwan randarsa nake gwada tayoyi, kuma na ga yadda yake ta gyara rigar da ta sha mai. Tausayi ya kama ni, na je na tsaya bayansa. Da mamakina, na tarar da mutum huɗu sun riga ni.

Malam Shafi'i ya saci kallon baya, ya ga kawuna, sai ƙirji ya dawo. "Masu ilimi ba su ƙare ba," ya ce da ƙarfi.

Hajiya Halima ta zo ƙirga. Ta dubi na farko. "Nafi'u, nan ka zaɓa?"

"A'a, ranki ya daɗe. Akuyata ɗaya ta nufi hanyar Roni. Jira nake a gama ya raka ni nema, kada ya sulale."

Sheriff ya ɗaga ƙonannen matashin kai ya ce shi so yake a gaya masa lambar da zai ajiye wannan. Zulaikha ta nuna ƙwaryarta da ta tsage. Tasalla kuwa ta ɗaga daron da ba komai a ciki. Hajiya Halima ta ce wanda ba zaɓe ya kawo shi nan ba ya koma inda zai yi zaɓe. Duk huɗun suka tsallaka.

Nan ne Malam Shafi'i ya hango matarsa a ɗaya layin, ta uku daga gaba.

"Lailatu, har da ke?"

"Malam, yini ɗaya ka yi shugabanci ka ga yadda ka dawo. In aka ba ka shekara uku, wa zai dawo mini da kai?"

Mata suka rufe baki da mayafi. Malam Shafi'i ya dubi dogon layin, ya dubi ƙasa. Na ji ba daɗi, har na fara neman abin da zan faɗa masa a hanyar gida. Sai na ga ya gyara tabarau, ya ɗaga kai, ya taka a hankali ya wuce gaban kowa, ya je ƙarshen layin Inna Dela ya tsaya.

"Jama'a ku shaida," ya ce. "Tun ranar kwamiti na gane baiwar tsohuwar nan, amma na san ba za ku yarda ba sai kun gani da idonku. Shi ya sa na shirya duk abin da kuka gani yau. Ba kowane shugaba ne zai iya wannan sadaukarwa ba."

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, shi kuwa yana gyaɗa kai yana karɓar gaisuwa. Ni aka bari tsaye a tsakiyar fili, ni kaɗai, ba ɗan takara a gabana.

Hajiya Halima ta gama ƙirga ta ce Inna Dela hamsin da tara, Malam Shafi'i ɗaya. Ya leƙo daga ƙarshen layi ya ga ko wane ne ɗayan, ya girgiza kai cike da takaici.

"Zaharadeen, kai kaɗai ka hana a ce an yi zaɓe ba hamayya. Mutum ya girma bai san inda ya dace ba? Shigo layi, kana ɓata mana tsari."